Katantanwa cikin dutse a Kalambaina, wai da gaske teku ya taɓa cin Sakkwato?

Mai Tifa Arkilla ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, ina kwananku. Don Allah masu ilimi ku taimaka min da wani abu da yat tsaya min a rai yau sati biyu. Ni direban tifa na, shekara 14 ke nan ina ɗaukar dutse da yashi da jar ƙasa, kuma mafi yawan aikina yankin Kalambaina da Wamakko na. Ran wata Talata munka yi lodin farin dutse, muna fitowa tayar baya ta yi faci, yaron mota yat tahi neman mai faci ni kuwa niz zauna gindin wata bagaruwa ina jira. Ina zaune ina wasa da tsakuwa sai hannuna yak kai ga wani ɗan dutse kewayayye awa ƙosai, ƙasanshi a shafe samanshi a tashe, kuma bisa bayanshi akwai zane awa fure mai kunne biyar, an jera shi da 'yan ɗigo-ɗigo sai ka ce da allura anka yi. Wallahi ba aikin hannun mutum ba na. Nit tashi ina dubawa, kafin yaron shi dawo na tara guda bakwai, da wasu a murɗe awa katantanwa, da wasu awa kumba irin wadda muke tsinta bakin gulbin Rima muna yara, amma duk sun zama dutse, nauyi gare su, in ka fasa cikin ma dutse na.

Da niz zo gida nin nuna ma ɗiyata da ke aji biyar na sakandare, tac ce Baba ai malaminmu ya faɗa muna nan duk teku na a da. Nic ce teku a Sakkwato, inda zafi ka kai mutum ga kwana waje watan Afrilu? Tad ɗauko littafinta na bayoloji tana nuna min, ciki an kasa halittu gida-gida, wai jemage ba tsuntsu ba na, wai naman kaza ba tsiro ba na. Abun ya ɗaure min kai.

To tambayata, mi yak kawo abun ruwa cikin dutse nan garinmu, kuma masu wagga siffa ina sunka tahi, don ni ban taɓa ganin mai rai irinsu ba ko a Kware ko a Goronyo. Sannan su wa sunka kasa halittu haka kuma da wane ma'auni? Kuma gaskiya abun da ya fi damuna, shin wanga karatu shi na wanda aka cewa mutum daga biri yake? Don ba ni son yarinya ta ɗauko abun da za shi taɓa imaninta, kuma ba ni son in hana ta ilimi bisa jahilcina. Na gode.

Ɗan Ma'adinai ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Yayana Mai Tifa, barka da tsintuwa, abun da ka ɗauko ɗin nan mu sai da aka kwashe mu a mota aka kai mu fili muka wuni cikin rana kafin mu gan shi lokacin muna karatun ilimin duwatsu a jami'a. Mai zanen fure mai kunne biyar ɗin wata halittar teku ce, tana da rai jikinta duk ƙayoyi ne kamar 'yar bushiya, in ta mutu ƙayoyin su zube ya rage ƙoƙon, ɗigo-ɗigon da ka gani ƙofofi ne da take fiddo 'yan ƙafafunta. Ba ta rayuwa a ruwan daɗi ko kaɗan, sai ruwan gishiri, shi ya sa ba za ka ganta a Kware ko dam ɗin Goronyo ba, amma danginta suna nan da rai a tekuna har yau. Ita kaɗai ta isa shaida cewa ruwan da ya kwanta nan na teku ne ba tafki ba.

Malamin ɗiyarka gaskiya ya faɗa. Wani hannun teku ne marar zurfi sosai da ya shigo daga arewa, ya ratsa inda Aljeriya da Mali da Nijar suke yanzu har ya iso nan, kuma ba sau ɗaya ya zo ba, ya zo ya janye ya sake dawowa. Farin dutsen da kake lodi, wanda kamfanin siminti ke ƙonawa, mafi yawansa ɓawon irin waɗannan halittu ne da suka mutu suka taru a ƙasan ruwa, laka ta rufe su, nauyi ya danne su shekara da shekaru har suka dunƙule. A littattafan duniya ma sunan wannan shimfiɗa shimfiɗar Kalambaina, shekarunta wajen miliyan 60. Ƙarƙashinta akwai ta Dange mai laka-laka, inda ake samun haƙoran kifi da ƙasusuwan kada da duwatsun fosfet na taki. In ka ƙara nutsawa akwai ta Wurno, sannan ta Dukamaje wadda ta kai wajen shekara miliyan 70. Ka ga sunayen garuruwanmu ne duk.

A ta Dukamaje ɗin ne aka tono wani abu da nake jin haushin yaranmu ba su san shi ba. Wani ƙaton ƙadangaren teku ne mai filafilai maimakon ƙafafu, da dogon baki cike da haƙora, dangin su guza da damo ne amma a ruwa yake rayuwa. Wani Bature mai suna Swinton ya fara bayanin ƙasusuwansa a 1930, daga baya masu bincike daga Italiya suka samo ƙoƙon kansa suka raɗa masa suna Goronyosaurus nigeriensis a 1972, wato ƙadangaren Goronyo na Najeriya. Akwai kuma wani kada mai dogon baki da aka sa wa Sokotosuchus a 1975. Ɗalibi a Jamus ko Amurka ya san sunan Goronyo ta dalilin wannan dabba, ɗan Goronyo kuwa bai taɓa jin labarinta ba, wannan yana ci min rai sosai.

Maganar ina suka tafi. Ka lura da wannan, a shimfiɗar ƙasa ta Dukamaje akwai ƙadangaren tekun nan, in ka hau ta Dange da ta Kalambaina babu shi ko ɗaya, amma dangin kadan nan mai dogon baki da kunkuru da kifaye suna nan. Tsakanin shimfiɗun ne, shekara miliyan 66 da suka wuce, wani dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya faɗo daga sama a yankin Meksiko, ƙura ta rufe rana, kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in halittu suka ƙare. Wato abun da ya faru a can, ga sawunsa a ƙarƙashin ƙafarmu. Masana sun kiyasta cewa fiye da kashi 99 cikin 100 na nau'o'in da suka taɓa rayuwa a duniya sun shuɗe. Maƙwabtanmu Nijar ma sun fi mu irin wannan kaya, a Gadufawa cikin hamadar Tenere aka tono Nigersaurus mai haƙora sama da 500, da wani kada da ya kai mita 9 ko fiye, in Allah ya kai ka Yamai ka shiga gidan tarihi na Bubu Hama ka gani da idonka.

Shekarun kuma ba ƙiyasin baki ba ne. Na ƙasa ya riga na sama kwanciya, kamar tabarmi da aka jibga, wannan ya ba ka wane ya girmi wane. Sannan akwai sinadarai irin yuraniyom da ke rikiɗa su koma dalma a kan ƙa'ida da ba ta sauri ba ta jinkiri, sai a auna nawa ya rikiɗa nawa ya rage. Da shi aka san duniya ta kai wajen shekara biliyan 4.5. Kar ka yar da duwatsun nan, ka rubuta inda ka tsince su a takarda ka ajiye tare da su.

Malama Inna ta rubuta:

Sannu Baban ɗaliba, Allah ya raya ta, ka gaishe min ita. Ni bayoloji nake koyarwa a sakandaren 'yan mata shekara 11 yanzu, bari in ɗauki tambayar rabe-raben tunda ita ce abincina kullum.

Farko dai ba Turawa suka fara kasa halittu ba, kakanninmu ma suna yi, wanda ya ce maka wannan gero ne wannan maiwa ce wannan dawa ce ai rabe-rabe yake. Matsalar ita ce suna yana canzawa daga gari zuwa gari. Ni da aka kai ni Kano bautar ƙasa na je kasuwa na ce a auna min gujiya, sai matar ta miƙo min ƙwaruru, don su abun da muke ce wa gujiya gyaɗa suke ce masa, ƙwaruru kuma shi ne gurjiyarsu. Hausa ɗaya fa ke nan, ina ga an haɗa da Bayarabe da Balarabe da ɗan Sin. Shi ya sa wani masani ɗan Suwidin, Linnaeus, ya kafa tsarin suna biyu da Latinanci, na tsirrai a 1753 na dabbobi a 1758, kuma har yau da shi ake aiki. Na farko sunan gida, na biyu sunan yanka. Albasa Allium cepa, tafarnuwa Allium sativum, kana ji ka san 'yan gida ɗaya ne, hancinka ma ya riga ya faɗa maka. Gujiyarmu Arachis hypogaea, asalinta daga nahiyar Amurka ta Kudu aka kawo ta, ƙwaruru kuwa Vigna subterranea, ɗan gida ɗaya da wake Vigna unguiculata, duk da cewa a ƙasa yake 'ya'ya kamar gujiya. Gidaje masu kama su haɗu su zama dangi, dangi su haɗu su zama babban rukuni, haka har a kai masarauta.

To da wane ma'auni? Nan ne daɗin abun yake. Da can kama ake dubawa, amma kama da wane ba ta wane. Yanzu dangantaka ake bi, wato wa da wa suka haɗa kaka na kusa. Ana duba ƙashi da fure da yadda ɗa ke girma a ciki, sannan a zamanin nan ana karanta DNA, rubutun gado da ke cikin ƙwayar kowace halitta, yadda masu alaƙa ta kusa rubutunsu ya fi kama da juna.

Jemage yana tashi amma ba shi da gashin tsuntsu, gashin dabba gare shi, ba ya ƙwai, haihuwa yake ya shayar da nono. In ka buɗe fiffikensa yatsu biyar ne, huɗu sun yi tsawo fata ta haɗe su, babban yatsan ya rage ɗan ƙugiya. Ƙashi ɗaya a dantse, biyu a gaba, 'yan ƙanana a wuyan hannu, sai yatsu, ka taɓa naka hannun ka ji tsarin ɗaya ne.

Wanda ya fi burge ɗalibaina shi ne na ruwa. Giwan ruwa da ake gasar kamawa a Argungu ba abun da ya haɗa shi da giwa sai suna, kifi ne zalla. Amma ayu, wanda masunta ke gani a kogin Kwara wajen Yawuri, shi ba kifi ba ne, iska yake shaƙa, yana shayarwa, nononsa na kusa da hammata kamar na giwa, har farce gare shi a filafilansa, kuma cikin dabbobin da ke raye giwa na cikin danginsa mafi kusa. Sai gaiwa. Duk wanda ya tashi kusa da fadama ya san ta, ruwa ya janye ta nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙi ya bushe kamar leda, ta bar 'yar ƙofar iska, ta yi wata da watanni a haka har damina ta dawo, mutane su bi da fartanya suna tono ta. Ana cewa gaiwa jikinta take ci, kuma akwai gaskiya ciki don naman jikinta take narkarwa a hankali ta rayu. Huhu gare ta na gaske, in ka hana ta fitowa shan iska sai ta mutu a cikin ruwan. Da aka duba huhunta da zuciyarta da DNA ɗinta, sai aka ga ta fi kusa da kwaɗo da akuya da duk mai ƙafa huɗu fiye da yadda take kusa da karfasa ko tarwaɗa. Na taɓa sa wata ɗaliba 'yar masunta ta kawo min ɗaya aji a bokiti, yara suka zagaye ta suna ƙirga minti nawa take kafin ta ɗago baki ta shaƙi iska, ranar ba wadda ta yi gyangyaɗi. Haka kada ya fi kusa da kaza fiye da ƙadangare, zuciyarsa ɗaki huɗu kamar ta tsuntsu, yana gina sheƙa yana gadin ƙwansa.

A kicin ma haka. Kuka da kuɓewa da lalo da yakuwa da rama da auduga da goro duk dangi ɗaya ne, ka dubi furen kuɓewa ka dubi na auduga za ka ce uwa ɗaya ta haife su, kuma yauƙin miyar kuka da na kuɓewa da na lalo ba haɗuwa ce ta banza ba. Naman kaza kuwa ba shi da koren da tsiro ke haɗa abinci da shi daga hasken rana, ci yake daga ruɓaɓɓen abu, shi da yis ɗin burodi masarautarsu daban, kuma sun fi kusa da dabba fiye da tsiro.

Littafin ɗiyarka ina jin masarauta biyar ya kawo, tsarin 1969 ke nan, shi ake tambaya a jarrabawa. Amma tun 1977 wani masani Carl Woese ya gano cewa cikin ƙananan halittun da ake wa kuɗin goro ana ce musu bakteriya akwai wani rukuni daban gaba ɗaya, arkiya, don haka yanzu manyan rassa uku ake lissafawa, bakteriya da arkiya da masu ƙwayar da ke da cibiya, kuma mu da kuka da gaiwa da naman kaza duk a reshe na ukun muke. An raɗa wa wajen nau'i miliyan 2 suna zuwa yanzu, kusan rabinsu ƙwari ne, kuma waɗanda ba a kai ga raɗa wa suna ba sun fi haka yawa nesa.

Almajirin Hubbare ya rubuta:

Allah shi saka da alheri Malama, da kai Ɗan Ma'adinai, na ƙaru ƙwarai. Ni ɓangaren addini nika karatu kuma ina son in faɗi nawa da ladabi. Maganar teku ya taɓa rufe nan da maganar halittu da sunka shuɗe ban ga abun da ya saɓa ma addini ba, hasali ma a Suratul Ankabut aya ta 20 an umurce mu mu yi tafiya cikin ƙasa mu duba yadda Allah ya fara halitta, kuma a Suratun Nur aya ta 45 an ce ya halicci kowace dabba daga ruwa, akwai mai tafiya bisa ciki, akwai mai ƙafa biyu, akwai mai huɗu. Wanda yad duƙa yana duba dutse bai yi laifi ba. Rabe-rabe ma malamanmu na fiƙihu suna yi, ai sai ka san mi na dabbar ruwa mi na ta tudu kafin ka yi hukuncin cinta.

Inda nika tsayawa shi na Annabi Adamu alaihis salam. Nassi ya zo ƙarara an halicce shi daga yumɓu, ba shi da uba ba shi da uwa, wannan ba ni sassauta shi don littafin makaranta. Kuma Malama ki yi haƙuri, kin ce masu kama sun haɗa kaka, to ai maƙeri guda ma yakan ƙera fartanya da galma su yi kama don hannu guda ya yi su. Mi zai sa kamar ta zan shaidar haihuwa ba shaidar Mahalicci guda ba? Kuma wa yat taɓa ganin wata halitta ta canza da idonshi? Ba gardama nika nema ba, amsa nika so don yara na tambayarmu a Islamiyya kuma ba daidai ba na mu ce musu ku yi shiru kawai.

Hajiya Mai Kemis ta rubuta:

Allah gafarta Malam, tambayarka ta biyu ita zan amsa don a kanta nake aiki kullum, kuma amsar a ƙasarmu aka gan ta. A 1954 aka fara wani shiri na feshin maganin sauro a gidaje a yammacin lardin Sakkwato, yankin Birnin Kebbi, ɗaya daga cikin magungunan sunansa dieldrin. Da farko sauro ya faɗi warwas. Ba a cika shekara biyu ba aka tarar da sauron cizon zazzaɓi da maganin ba ya kashewa, kuma suka cika wurin. Ba wai sauro ya yi wayo ya koyi jurewa ba, a'a, tun asali cikin dubbai akwai 'yan ƙalilan da gadonsu ya ɗan bambanta, feshi ya kashe sauran ya bar musu fili, suka hayayyafa 'ya'yansu suka gaji abun. Shi ke nan abun da wani masani Bature mai suna Darwin ya bayyana a 1859, 'ya'ya ba sa fitowa iri ɗaya sak, ana haihuwar fiye da waɗanda za su rayu, wanda halinsa ya dace da wurin shi ke barin zuri'a.

Duk wanda ya kai shekara 35 ya tuna kulorokwin da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa mutum ya kwana yana susa. Da yana aiki kamar yankan wuƙa, daga baya ka sha ka gama zazzaɓi na nan, har Najeriya ta sauya zuwa haɗin maganin zazzaɓi da ake kira ACT a 2005. Ƙwayar cutar ce ta canza ta wannan hanyar. Shi ya sa nake faɗa da masu zuwa su ce in ba su kafso biyu na hamsin, rabin magani horar da ƙwayar cuta ne, kuma wallahi ina ganin ciwukan da maganin da ke musu aiki shekara goma baya yanzu ba ya taɓa su. A jikinmu ma akwai, sikila ta yi yawa a nan ne saboda mai AS, wato wanda ya gaji sikila daga ɗaya cikin iyayensa kawai, ya fi tsira daga zazzaɓi mai tsanani yana yaro, shi ya sa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan na ɗauke da AS.

Na gona kuma mahaifina manomi ne, kowace shekara sai ya bi gero yana cire shibra, mai siririn kai da ke zubar da tsabarta tun kafin girbi. Shibra ta samu ne don gero na barbara da ciyawar daji da aka samo shi daga gare ta, manoman farko a yankin nan na Sahel suka yi ta zaɓen mai babban zangarniya da ba ya zubarwa, a Mali an tono shaidar geron gida mai wajen shekara 4,500. Nasan za ka ce sauro dai bai zama kaza ba, haka ne, wannan canjin shekaru kaɗan ne. Hujjar masana ita ce in shekara biyu ta yi wannan, miliyoyi fa, kuma ga duwatsu na nuna jerin. Ka dubi doki da jaki, kusancinsu ya kai su haifi alfadari, nisansu ya kai alfadarin ba ya haihuwa, doki na da ƙunshin gado, wato ɗaurin DNA a cikin ƙwayar halitta, guda 64 jaki 62 alfadari 63, kamar 'yan uwa da suka rabu suna kan nisanta. Maganar maƙeri kuma, abun da ya sa suke cewa haihuwa ce shi ne har kurakuran kwafi da ke cikin DNA ana samunsu wuri ɗaya a halittu masu dangantaka, kamar almajirai biyu da suka kwafi allo ɗaya har da ɗigon da ya zame. Da wannan hanyar ake gwajin uba da ɗa a asibiti. Ni a wurina wannan bai kore Mahalicci ba, ruwan sama ma mun san yadda hadari ke haɗuwa kuma ba mu fasa roƙon ruwa ba.

Game da mutum, gara a faɗa wa yara daidai abun da kimiyya ta ce. Ba ta ce birin da ke yawo yau ya haifi mutum ba, cewa ta yi jikin mutum da na birin cimfanzi sun haɗa asali wajen shekara miliyan 6 zuwa 7 baya, kuma a 2001 an tono wani ƙoƙon kai a Chadi da aka sa wa Tumai mai kusan waɗannan shekaru. Yadda za a fahimci wannan tare da nassin Annabi Adamu fagenku ne Malam, malaman Musulunci na zamani sun yi rubutu a kai kuma ba bakinsu ɗaya ba, wasu sun karɓi abun a dabbobi da tsirrai suka keɓe Adamu a matsayin mu'ujiza kamar haihuwar Annabi Isa ba uba. Yadda rai ya fara tun farko kuwa masanan da kansu ba su warware shi ba har yau, abun da ke hannu shi ne alamun ƙananan halittu a duwatsun Ostireliya masu shekara biliyan 3.5. Baban yarinya ka bar ta ta yi karatunta, ta kuma riƙa zuwa Islamiyya da tambayoyinta.

Mai Tifa Arkilla ya sake rubutawa:

Kai jama'a Allah shi biya ku, jiya da dare munka zauna da yarinyar da uwarta nik karanta musu duka tun daga farko, uwar tac ce ita dai maganar kuka da kuɓewa ta yarda don ta daɗe tana ganin furensu. Malam na Hubbare na gode, matsayinka shi na nawa game da Annabi Adamu kuma haka nif faɗa mata, tac ce ita ma haka ta riƙe amma tana son ta karanci likitanci kuma sai da bayoloji. Nic ce Allah shi taimaka. Ta matsa lemun tsami bisa ɗaya daga cikin duwatsun kamar yadda anka koya musu, sai ga 'yan kumfa suna tashi, wai alamar farar ƙasa ke nan irin ta ɓawon kumba. Ta ɗauki uku za ta kai ma malaminsu, huɗu na sa su gwangwanin madara da takarda kamar yadda anka ce. Ɗan Ma'adinai, sati mai zuwa ina da lodi wajen Dange, yaya zan gane haƙorin kifin in na gan shi?

Ɗan Ma'adinai ya rubuta:

Yayana ka duba inda ruwa ya zaizaye gefen tudu ko bakin rami, wurin laka mai toka-toka da ke ɓarewa falle-falle, ba cikin jar ƙasar sama ba. Haƙorin ƙarami ne, da yawa ba su wuce gaɓar yatsa ba, baƙi ko ruwan ƙasa, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai alhali duk abun da ke kewaye da shi dusu-dusu ne, tsininsa santsi gindinsa kaushi. Da safe ko bayan la'asar ya fi ganuwa, lokacin da rana ke bugunsa ta gefe. In ka ga ƙashi babba a maƙale kar ka ɓalle shi da shebur, ka ɗauke shi hoto da makullin mota a gefensa don a gane girmansa, ka riƙe wurin a kai.